Jami'a da Kogin Binuwai: A Rubuta Tsarin Shekara Biyar, Ko A Bi Kukan Masunci Na Bana?

Taraba ba ta da teku, amma jiha ce da ke zaune a kan ruwa. Binuwai ya shigo ta wajen Karim Lamido da Lau, ya gangara Gassol da Ibi kafin ya nufi Makurdi. Kogin Taraba da na Donga suna sauko masa daga tsaunukan kudu, ga tafkuna da fadamun da ambaliya ke cikawa duk damina. Ko a cikin garin Jalingo, mutumin Kachalla Sembe ba sai an nuna masa Mayo Gwoi da Lamurde a taswira ba, ya san su da rani suna yashi, ya san su da damina suna hauka. Shi ya sa tun da Shugaba Tinubu ya kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a watan Agustan 2023, aka kuma mayar da sha'anin kifi ƙarƙashinta, maganar da wasu ke ɗauka ta mutanen Legas da Fatakwal ce ta zama tamu ma.

Cikin jami'o'in gwamnati da ke jihar akwai ta jiha a Jalingo da aka kafa a 2008, da ta tarayya a Wukari da aka kafa a 2011, ga kuma Kwalejin Aikin Gona ta Jalingo. Babu mai musun cewa ya kamata waɗannan makarantu su binciki ruwanmu da kifinmu, su kuma kai abin da suka gano ga masunta da masu kiwon kifi da matan da ke banda. Inda ake rabuwa shi ne yadda za a kama aikin. Wani ɓangare na cewa a zauna tukuna a rubuta tsarin dogon zango, na shekara huɗu ko biyar, a fayyace abin da za a bincika, wanda zai yi, kuɗin da za a kashe, da yadda za a gane an yi ko ba a yi ba. Ɗaya ɓangaren na cewa a ajiye takarda a tafi bakin kogi, abin da masunci ya koka a kai bana shi za a yi bana. Kowanne a cikinsu yana da hujjar da ba a ture ta da hannun hagu.

Abin da masu son tsari ke cewa

Hujjarsu ta farko daga halin kogin take fitowa. Kifin Binuwai da ambaliya yake rayuwa. Idan ruwan sama ya kankama, kogi ya fara tumbatsa, tarwada da bargi da kurungu da sauransu sukan bi ruwa su shiga fadamu da ciyayi su yi ƙwai. A can 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya. Idan ruwa ya fara janyewa wajen ƙarshen shekara, wasu su koma kogi, wasu su maƙale a tafkuna, a nan masunta ke samun kakarsu. Masana kifin kogunan Afirka sun daɗe da gano cewa yawan kamun bana yana da alaƙa da girman ambaliyar bara da ta bara waccan, da kuma tsawon lokacin da ruwa ya yi kwance a fadama. Ke nan wanda ya zo ya auna kifin Lau na wata uku, ya rubuta kundin digiri ya tafi, bai san komai ba tukuna. Zai yiwu ya faɗo a shekarar albarka ya ce kifi ya yi yawa, ko ya faɗo a shekarar fari ya ce kifi ya ƙare, alhali duka biyun ba gaskiyar kogin ba ce.

Kowane tsohon masunci zai gaya maka giwan ruwa ya ragu, yauni ya yi wuyar gani, ayu kuwa sai labari a wurare da dama. Masu son tsari ba su ƙaryata shi ba. Tambayarsu ita ce: me ya rage shi? Yawan masu kamu ne? Ƙananan idanun kalli da taru ne? Guba ce da wasu ke zubawa a tafki? Yashin da ke cike kogi ne, bayan an sare madobiya da sauran itatuwa a dazukan Bali da Gashaka? Ko kuwa madatsar Lagdo ce ta Kamaru, wadda tun da aka kammala ta a 1982 ta sauya lokacin zuwan ruwa da yawansa? Kowanne daga waɗannan maganinsa daban. In Lagdo ce, ƙwace komar talaka zalunci ne kawai, ba zai dawo da kifi ko ɗaya ba. Kuma babu hanyar rarrabe su sai da rubutaccen tarihi na shekaru: tsayin ruwa kullum, nauyin kamu, irin kifi, girmansa, kayan da aka kama shi da su.

Aikin da suke nufi ba na ado ba ne. Wani yaro ne ɗan garin, wanda ya gama sakandare, zai tashi da asuba ya tsaya inda jirage ke fitowa, da sikeli rataye da ma'auni na katako da littafi a cikin leda don kada ya jiƙe. Jirgi ya taɓa gaɓa, ya gaishe da mai shi, ya nemi izini, ya ware karfasa gefe, kurungu gefe, ya ɗora a sikeli, ya auna tsawon goma daga ciki, ya tambaya ko da kalli aka kama ko da mamari, ko daga gura aka zazzago, ya rubuta, kafin dillalai su rufe jirgin. Kwana kaɗan a kowane wata, shekara da shekaru. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa da "sai abin da hali ya yi". Dole wani ya rubuta cewa za a yi shi, a ware masa kuɗi, a sa sunan wanda zai amsa tambaya in aka daina.

Sukan kawo misalin Kainji. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa ta samo asali ne daga aikin binciken tafkin da aka fara a 1968, shekarar da aka gama madatsar. A shekarun 1990 aka yi wani aikin haɗin gwiwa da Jamusawa a kan tafkin, ana ƙirga jirage da kayan su, ana auna kamu wata-wata. Ƙididdigar ce ta nuna ɓarnar da tarun dala ke yi wa ƙananan kifaye, har jihohin Neja da Kebbi da sarakunan yankin suka tsaya a kan hana shi. Da babu lissafin, da gardama ce kawai tsakanin mai taru da mai kalli, kowa na rantsuwa.

Abin da masu adawa ke mayarwa

Su kuma sukan ce, a Najeriya ba a taɓa rasa tsari ba. An yi Vision 2010 a zamanin Abacha, an yi Vision 20:2020, an yi shirin farfaɗo da tattalin arziki na 2017 zuwa 2020, ga na 2021 zuwa 2025, har da na 2050 an rubuta. Madatsar Dasin Hausa, wadda aka ce za a gina a Adamawa don ta tare ruwan Lagdo, tana cikin takardu tun shekaru arba'in da suka wuce. Ambaliyar 2012 ta zo ta kashe mutum 363 a lissafin hukuma, ta 2022 ta kashe sama da 600, madatsar na nan a takarda. Me zai sa na jami'a ya fita daban? Abin da suka saba gani shi ne kwamiti, da taro a otal, da littafi mai sheƙi da hoton shugaba a shafin farko, sannan kabad.

Sai kuma ƙasar da za a dasa tsarin a kanta. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma a tsakiyar 2023, kafin watan Maris na 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya yi kasafin sinadaran ɗakin gwaje-gwaje da man jirgi na shekara biyar a farkon 2023, kafin shekara ta zagayo takardarsa ta zama tatsuniya. Gwamna wa'adinsa shekara huɗu, shugaban jami'a biyar, kuma sabon shiga ba ya son gadon aikin da ba sunansa a kai. Hatta hanyar zuwa bakin aikin ba ta da tabbas: gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari ruwa ya tafi da ita a daminar 2024, kamar yadda ya yi wa ta Nukkai a 2005.

Amma hujjar da ta fi ratsa ni a bakinsu ita ce ta mai tankin tamfol a bayan gida, irin waɗanda suka yawaita a unguwannin Jalingo. Ma'aikaci ne ko ɗan fansho, ya tara 'yan kuɗi ya sayi 'ya'yan tarwada, yana sayen ruwan burtsatse, yana sayen buhun abincin da ke cinye fiye da rabin jarinsa. Wata asuba ya fito ya tarar ruwan ya yi wari, kifayen sun tsaya a tsaye suna haki a sama, fatar wasu ta yi fari-fari, gemunsu ya zube. Ba shi da wanda zai kira. Sai ya ruga shagon magani ya sayo na kaji ya zuba bisa shawarar maƙwabci. Wata biyu baya ma manyan sun cinye ƙananan, don ba wanda ya gaya masa ana tantance su bisa girma. Wannan mutum ba ya bukatar binciken shekara biyar. Amsar matsalarsa tana cikin littafin aji biyu na ɗalibin kifi. Bukatarsa lambar waya ce da malamin da zai hau babur ya zo yau. Masu adawa na tsoron kada a shafe shekara ana rubuta manufofi, alhali ilimin da ke hannu tuni bai tsallake katangar jami'a ba.

Masu son tsari sun sake magana

Sukan ce wannan misali nasu ne, ba na abokan gardama ba. Me ya sa babu malamin da zai hau babur? Domin babu inda aka rubuta cewa aikin wani ne. Malamin jami'a da maƙalar da ya buga ake masa ƙarin girma, ba da tankin da ya ceto ba. In ba a sa faɗakarwa cikin tsari ba, da ma'aikacinta da man baburinta da ladanta a wajen ƙarin girma, to za ta ci gaba da zama sadakar da malami ke yi in ya ga dama. A Zariya an gane haka da daɗewa, shi ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ke da cibiyar NAERLS, wadda aikinta shi ne ɗauko sakamakon bincike ta kai wa malaman gona da manoma.

A fannin ruwa, misalin da ya fi shahara shi ne shirin Sea Grant na Amurka, wanda dokar 1966 ta kafa. Shirye-shirye 34 ne, kowanne zaune a jami'a, kuma ba na bakin teku kaɗai ba: jihohi irin su Michigan da Wisconsin da Minnesota suna ciki saboda manyan tafkunansu na ruwan daɗi. Kowane shiri yana rubuta tsarinsa na shekaru bayan ya saurari masunta da 'yan kasuwa da hukumomin gari, ana zuwa daga waje a duba ko ya cika alkawari, kuma duk dala biyu da gwamnatin tarayya ta bayar sai an samo dala ɗaya daga jiha ko wani wuri. Ma'aikatan faɗakarwarsu a garuruwan bakin ruwa suke zaune. Abin lura, in ji masu wannan ra'ayi, shi ne tsarin ne ya ajiye mutumin a bakin ruwa.

Suna ƙarawa da cewa babban amfanin tsari shi ne ya faɗi abin da ba za a yi ba. Jami'a mai ƙaramin ƙarfi ba za ta iya kama komai ba: kifin kogi, kiwon tanki, tsargiya a ƙauyukan bakin ruwa, haɗarin kwale-kwale, gurɓatar ruwa daga haƙar ma'adinai, tafkin da madatsar Kashimbila ta haifar a Takum. In ba a zaɓa ba, ɗalibai za su ci gaba da maimaita ƙananan kundaye iri ɗaya, kowa ya auna tsawon karfasa hamsin ya karɓi digiri, babu wanda ya ɗora a kan na wani. Kuma hukumar TETFund mai tallafa wa jami'o'i ko wata hukumar waje ba ta ba da kuɗi ga wanda ya zo hannu rabbana yana cewa zai ga abin da damina ta kawo.

Wa ke riƙe da alƙalamin?

A nan masu adawa suke fito da abin da ke cin ransu da gaske. Ba takardar suke ƙi ba, marubucinta suke tuhuma. Binuwai ba fili ne marar mai shi ba. Jukun na bakin ruwa da Jenjo da Hausawa masunta, ciki har da Kabawan da kakanninsu suka zo daga Argungu, suna da sarakunan ruwa, suna da tafkunan da ake rufewa sai ranar da aka yarda a shiga. Bikin kamun kifi na Nwonyo a Ibi, wanda aka farfaɗo da shi a 2024 bayan ya yi shekaru a kwance, a kan wannan ƙa'ida ya ginu: a bar tafki ya huta, sannan a shiga tare. Wannan ma tsarin dogon zango ne, sai dai ba a buga shi da Turanci ba. In farfesoshi suka rubuta nasu a Jalingo suka gayyato sarkin ruwa ranar ƙaddamarwa don ya yi addu'a a ɗauki hoto, an raina wanda ya fi kowa sanin ruwan.

Akwai kuma tsoro mai tushe. Masunci ya san ƙirga jirage kan zama share fagen haraji, bincike kuma kan zama doka, doka ta zama jami'in da ke ƙwace raga yana neman na goro. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta riga ta haramta guba da nakiya da lantarki, amma wa ta kama? Mai ƙaramar koma ne kullum ke shiga hannu. Wanda ke da wannan tarihin a ransa ba zai gaya wa yaron sikeli gaskiyar kamunsa ba, kuma ƙididdigar da aka gina a kan ƙarya ta fi rashin ƙididdiga haɗari. Game da Kainji kuwa, sukan ce a je Yauri a tambaya me ya rage bayan Jamusawa sun naɗe kayansu. Game da Amurka, a tuna can kuɗin na zuwa duk shekara tun kusan shekara sittin.

Sannan matan banda, waɗanda ba a cika ganinsu a irin waɗannan takardu ba. Su ne ke tsugune gaban rabin ganga da waya a kai, hayaƙi na cin idonsu, itace na cin ribarsu, ƙwaro na cin kifin a kwando kafin ya isa kasuwa, har wasu 'yan kasuwa su fesa masa maganin ƙwari mu saya mu ci. Murhun Chorkor da aka ƙirƙiro a Gana a 1969 ya bazu a Afirka ta Yamma ne saboda an gyara shi tare da matan da ke aikin, a unguwarsu, da laka da katakon da suke iya samu.

Auna hujjojin

Da na jera su, sai na ga ɓangarorin biyu ba a kan aiki ɗaya suke magana ba. Akwai aikin da jinkirin kwana ɗaya ke kashe shi, kamar na mai tanki. Akwai wanda tsayawar wata shida ke kashe shi, kamar littafin yaron sikeli. A kan na biyun, ina ganin masu son tsari sun yi nasara, kuma hujjar yajin aiki da faɗuwar naira ƙara musu ƙarfi take yi: in an san guguwa na zuwa, sai a zaɓi abu biyu ko uku da za a kare ko ta halin ƙaƙa, a damƙa su ga 'yan garin da yajin aiki bai shafa ba, a ware kuɗinsu daban. Gwamnati kan ce ƙasar na bukatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, tana samar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Taraba ba za ta iya faɗin rabonta a wannan lissafi da ƙarfin murya ba sai da awo na shekaru a hannu.

A kan wanda zai riƙe alƙalami kuwa, masu adawa ne da gaskiya, kuma ba ƙaramar gaskiya ba. Tsarin da sarkin ruwa da shugabar matan banda da mai tankin bayan gida ba su da ikon cewa "a'a" a cikinsa, bai cancanci kuɗin buga shi ba. Ni da za a tambaye ni, sai in ce kada ya wuce shafi biyar, a karanta shi da Hausa da Jukun da Fulfulde a bakin kogi, a bar wani kaso na kuɗin a buɗe don abin da damina za ta kawo, kuma duk shekara bayan janyewar ruwa a koma a faɗa wa mutane abin da littafin ya nuna, tun kafin a kai shi wani taro a Abuja.

Abin da ban yarda an warware ba shi ne kuɗi. Masu son tsari na cewa tsarin ne zai jawo kuɗin, masu adawa na cewa kuɗin da tsari ya jawo daga waje tare da baƙon yake komawa. Kainji na iya zama shaida ga kowannensu. Sai ranar da aka ga layin albashin masu awo da man babur a kasafin jihar, aka kuma sake shi shekara uku a jere, za a san wanda ya canka.

Akwai ma wata tambaya da ta fi ƙarfin Jalingo ita kaɗai. Tarwadar da aka kama a Lau wataƙila a fadamar Numan aka haife ta, ruwan da ya ɗauko ta kuma wani injiniya ne ya buɗe masa ƙofa a Lagdo. Jami'ar Modibbo Adama a Yola da ta aikin gona a Makurdi duk suna koyar da ilimin kifi a bakin wannan kogi, Najeriya da Kamaru kuma duk mambobi ne a Hukumar Kogin Neja da ke Yamai. Masu son tsari za su ce to a rubuta guda ɗaya na kogin baki ɗaya, da sikeli iri ɗaya daga Garwa zuwa Lokoja. Masu adawa za su ce kwamitin jami'a ɗaya ma bai iso bakin ruwa ba, balle na huɗu da ƙasa biyu.